YANKE WA AKU FIFFIKE

A cikin tsuntsayen da a ke ajiyewa a gida domin sha'awa, babu wanda ya kai aku suna a ƙasar Hausa. Yara sun san shi tun suna makaranta, domin a cikin littafin Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, aka fara buga shi a Zariya cikin 1937, aku ne mai ba da labaru, har ya kai ga sarautar Waziri. Saboda haka da an ambaci aku, bakinsa a ke fara tunawa. Ba safai a kan tuna da fukafukansa ba, sai ran da wani yaro ya bar ƙofar keji a buɗe, aka hango shi can ƙololuwar darbejiyar maƙwabta. In an yi sa'a an kamo shi, ran nan maigida kan ce a kawo almakashi.

To, daidai ne a yanke, ko kuwa ba daidai ba ne? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin aku na iya yin shekara 40 ko 50 a hannun mutum, watau wanda ya saye shi yana saurayi ya kan bar wa 'ya'yansa gadonsa. Abin da aka yi masa da almakashi cikin minti biyu ya kan bi shi shekaru. An shirya wannan takarda domin masu ajiye aku, da malaman makaranta waɗanda za su karanta wa yara ita, su san yadda al'amarin ya ke tun kafin a taɓa tsuntsun.

Inda aku ya fito

Akun da mu ke nufi, watau mai launin toka da jar wutsiya, ba ɗan ƙasarmu ba ne. Ɗan kurmi ne. Ana samunsa daga Gana, ya biyo ta kudancin Nijeriya da Kamaru, ya ratsa ƙasar Kwango, har Uganda da yammacin Kenya. Tsawonsa kamar inci 13 ne, nauyinsa kuwa kamar giram 400, bai cika rabin kilo ba. A can gidansu garke-garke su ke kwana bisa dogayen itatuwa. Da asuba sai su tashi gaba ɗaya da kururuwa, su yi tafiyar mil da dama zuwa inda 'ya'yan itatuwa suka nuna, musamman kwakwar manja, ba su komowa sai magariba. A kogon itace su ke yin ƙwai, uku ko huɗu, uwar ta yi kwanci kamar kwana 30. 'Ya'yan ba su barin kogo sai sun kai mako 12, bayan haka kuma su kan daɗe tare da iyayen suna koyon tashi da sauka da neman abinci.

Muna da danginsa a nan Arewa. Akwai tsirya, koriya mai doguwar wutsiya da jan baki, wadda manoma suka sani a gonar dawa, akwai kuma wani ɗan ƙarami kore mai kai ruwan toka da ciki rawaya. Su ma a kan kama su a sa a keji. Abin da za a faɗa ya shafe su duka, sai inda aka nuna bambanci.

Yadda aka shirya fiffike

Wanda ya taɓa fige kaza ya riga ya ga rabin darasin nan. Ƙasusuwan fiffike kamar na hannun mutum su ke: akwai kafaɗa, akwai gwiwar hannu, akwai wuyan hannu. Daga wuyan hannu zuwa bakin fiffike akwai dogayen gashi guda 10. Waɗannan su ke tura tsuntsu gaba, kamar yadda filafili ke tura kwalekwale. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa akwai waɗansu da ba su kai na farko tsawo ba, su ne ke riƙe shi a iska, su kuma taimake shi sauka a hankali. Bisa gindin waɗannan duka akwai gajeru da suka rufe su, kamar yadda bunu ke hawa kan bunu a jinka. Wutsiya kuwa da ita ya ke juyawa, da ita ya ke taka birki.

Gashin da ya gama girma matacce ne, kamar ƙumbar mutum, yankansa ba ya yi wa tsuntsu zafi. Da wannan ne masu yanka ke kafa hujja, kuma gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba. Sabon gashi mai tohowa rayayye ne. Karansa ya fi na tsoho kauri, yana da duhu-duhu saboda jinin da ke cikinsa, yana kuma cikin wani ɗan kube. In almakashi ya bi ta kansa, jini zai yi ta zuba kamar an huda bututu, ba ya tsayawa da wuri. Dukan jinin da ke jikin aku kuwa kamar cokalin shayi 8 ne. Mai karatu ya auna da kansa ko nawa zai zuba kafin tsuntsun ya galabaita.

Wani abu kuma da ya kamata a sani, gashin da aka yanke ba ya ci gaba da girma daga inda aka yanke shi, kamar yadda sumar mutum ke yi bayan aski. Gundulminsa zai zauna nan har lokacin zubarsa ya zo, sa'an nan sabo ya toho daga tushe. Aku kuwa ba ya zub da gashinsa gaba ɗaya. Ɗaya zai faɗi a wannan fiffike, ɗan'uwansa ya faɗi a wancan, a jira su toho, kana waɗansu su biyo. Kafin a gama zagayen a kan yi shekara guda, wani lokaci har fiye. A fiffike mai lafiya, sabon gashi na fitowa tsakanin tsofaffi biyu suna kare shi har ya yi ƙwari. A fiffiken da aka datse, shi kaɗai zai fito, tsirara, cike da jini, da ya bugi wayar keji sai ya karye. Ya sake tohowa, ya sake karyewa. Akwai tsuntsayen da su ke shekara da shekaru a haka, fiffiken bai taɓa cika ba, alhali sau ɗaya tak aka yanke musu.

Abin da mutane suka saba yi

Yawancin abin da a ke yi wa aku daga kiwon kaji da tantabaru aka aro shi. In zabuwa ko agwagwa ta dami mutum da tsallake danga, ya kan datse mata gashin fiffike ɗaya, in ta tashi sai ta karkace ta faɗo, daga nan ta haƙura. Ga kaza da zabuwa abin da sauƙi, domin tsuntsayen ƙasa ne, ƙafafunsu masu ƙarfi. Aku kuwa daga bisa ya ke tasowa. In an yanke masa gefe ɗaya, ya buɗe fukafukai zai tashi, sai lafiyayyen fiffiken ya juya shi kamar katantanwa, ya faɗo ta inda bai zaɓa ba, ko da ka, ko da baki, ko da ƙirji. Yanka gefe ɗaya ya fi yanka gefe biyu haɗari ƙwarai.

Masu tantabaru kuma su kan fige wa sabuwar tantabara dogayen gashi, ko su ɗaure su da zare, domin kafin su toho ta saba da gida. Kada a gwada wannan ga aku. Dogayen gashin nan tushensu na manne da ƙashi, fizge su azaba ce, kuma in ramin da gashin ke fitowa ya lalace, ko dai ya fito a murɗe, ko ya ƙi fitowa har abada. Haka nan masu cire masa jan gashin wutsiya domin sayarwa, su ma su bari. In ana bukatar gashin, a jira ya faɗo da kansa, ai zai faɗo.

Akwai masu ɗaura masa sarƙa ko igiya a ƙafa. Ƙafar aku ta hawan reshe ce, siririya. Ran da ya firgita ya zabura da dukan ƙarfinsa, sarƙar za ta fizge shi, ƙafar ta goce ko ta karye. Mafi muni duka shi ne datse ƙashin fiffike daga wuyan hannu domin kada gashi ya sake fitowa. Wannan guntule hannu ne, ba shi da gyara, kuma babu wani dalili da zai sa a yi wa tsuntsun gida haka.

Abin da yanka ke jawowa

Ko da an yi yankan a gefe biyu, in ya yi yawa akwai ɓarna. Aku mai toka tsuntsu ne mai nauyi in an gwada da faɗin fukafukansa. A tsakiyar ƙirjinsa akwai wani ƙashi mai kaifi, wanda kowa ya sani a ƙirjin kaza, fatar da ke bisansa kuwa siririya ce. In ya faɗo daga kan keji ya bugi daɓen siminti, fatar nan ta kan tsage, ƙashi ya bayyana. Miki ne mai wuyar warkewa, domin kowane numfashi na motsa wurin, tsuntsun kuma ba ya barin tsattsaga shi da baki. Likitocin dabbobi sun san wannan rauni sarai, kuma galibi ga tsuntsayen da aka yi wa mugun yanka a ke ganinsa.

Bayan jiki kuma sai hali. Duk tsuntsun da ya ji tsoro abu guda ya sani, ya tashi. In ya yunƙura sau ɗaya, sau biyu, ya ga faɗuwa ya ke yi, sai ya koma ga makamin da ya rage masa, watau baki. Bakin da ke fasa kwakwa kuwa ba abin wasa ba ne ga yatsan yaro. Mutane kan ce yanka na sa aku ya yi laushi ya saba da hannu. Abin da su ke gani, tsuntsu ne da ba shi da hanyar gudu, ya zauna inda aka ajiye shi. Wani ya kan haƙura, wani ya kan zama mai cizo, wani kuma ya juya wa kansa. Bakin gundulmin gashi na sukarsa a haƙarƙari duk sa'ad da ya naɗe fiffike, sai ya shiga taunarsa, daga nan ya zarce ga gashin ƙirji da na cinya, har a wayi gari ya fige kansa tas, kai kaɗai ya rage da gashi, domin nan ne bakinsa ba ya kaiwa. Yanka ba shi kaɗai ke kawo wannan ciwo ba, kaɗaici da rashin abin yi da mugun abinci duk suna kawo shi, amma aku mai toka ya yi suna da shi, in kuwa ya fara, da wuya ya bari.

Sa'an nan ga ƙiba. Tsokar ƙirji ita ce mafi girma a jikin aku, zuciyarsa da huhunsa duk domin tashi aka yi su. In ya wuni bisa sanda guda, abincinsa gyaɗa safe da yamma, kitse zai taru a hantarsa, jijiyoyin jininsa su ƙanƙance, kamar dai yadda ya ke faruwa ga mutumin da ke cin maiƙo ba ya motsi. Irin wannan ya kan faɗi rana ɗaya ya mutu, a ce ai ba ciwon kome.

Wanda aka fi cuta shi ne ɗan tsako. A watannin farko bayan barin kogo ne aku ke koyon auna nisa, da juyawa, da sauka. Tashi sama ba shi da wuya, sauka ce aiki. In an yanke masa kafin ya iya, ko gashi ya komo daga baya ya kan zauna da tsoro da rashin gwaninta, ya riƙa karo da bango.

Hujjar masu yanka

Kada a ɗauka masu yanka duk marasa tausayi ne. Da yawansu son tsuntsun ne ya sa su, kuma hujjarsu a ƙasarmu ta fi ƙarfi bisa yadda ta ke a Turai. Bature na ajiye akunsa cikin ɗaki rufaffe, da taga mai gilashi. Mu kuwa a tsakar gida mu ke wuni, sama a buɗe. Akun da ya tsere a Kano ko Katsina ko Damagaram ba kurmi zai tarar ba. Babu kwakwa, babu 'yan'uwansa, bai san inda ruwa ya ke ba, ga shaho a bisa, ga yara da danƙo a ƙasa. In bazara ce, ƙishirwa kaɗai ta ishe shi. Cikin ɗaki ma akwai fanka mai juyawa, a madafa akwai tukunya na tafasa. Duk wannan gaskiya ne.

Amma a tambaya, shin yankan na tsare shi daga waɗannan? Akun da aka rage wa gashi ba ya iya tashi daga ƙasa cikin ɗaki, amma in yana kan kafaɗar mutum a waje, aka buga ƙofa da ƙarfi ko babur ya yi ƙara, tsoro ya kan ba shi ƙarfin da ba a zata ba. In iskar hunturu ko ta gaban hadari ta shiga ƙarƙashin fukafukansa, sai ta ɗauke shi ta ƙetare katanga. Tsirya ma, da ya ke ba ta da nauyi, ko an rage mata gashi da yawa tana tashi. Ban da haka gashi na tohowa ba a lura ba. Biyu ko uku a kowane gefe sun isa. Maigida na nan da sakankancewa cewa ai an yanke, ya daina rufe ƙofa, ya daina kula, alhali tsuntsun ya sami abin tashi tun watan jiya. Ga shi kuma ya fita da rabin fiffike, bai iya juyawa ba, bai iya komowa ba.

In kuwa bai ƙetare katanga ba, ƙasa zai sauka, ƙasa kuwa ta muzuru ce da kare. Ga rijiya, ga bakin randa, ga murhu, ga ƙafar mai wucewa, ga yaro mai rarrafe. Mai fiffike in ya ga kyanwa sai ya haye bisa. Marar fiffike sai ya tsaya ya yi kururuwa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Saboda haka shawararmu ita ce kada a mai da yanka al'ada. Gidan a ke gyarawa domin tsuntsun.

Abin da ya fi

Mai tsakar gida yana da abin da mai bene ba shi da shi, watau fili. A keɓe wani lungu a jikin katanga a yi masa ɗakin waya, tsawo kamar ƙafa 12, faɗi ƙafa 6, bisa ƙafa 7. In an sami fiye da haka, madalla. Tsawon ya fi bisan amfani, domin tsuntsu gaba ya ke tashi. Wayar ta zama mai kauri, irin ta kaji ba ta yi, cikin kwana kaɗan zai tsinka ta. Kada a shafa mata tsohon fenti, waɗansu na da dalma, shi kuwa kome ya samu taunawa ya ke yi. A rufe rabin saman domin inuwa, a bar rabi rana ta shiga, domin aku mai toka in ba ya samun hasken rana ƙashinsa kan yi rauni, har ya riƙa faɗuwa yana shure-shure. A sa rassan itace, kamar na gwaiba, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, a bar tsakiya fili. Abinci a gefe ɗaya, ruwa a ɗaya gefen, yadda dole ya tashi. Da hunturu a kare gefen gabas da zana ko buhu, a kuma riƙa yayyafa masa ruwa da hantsi, domin ɗan kurmi ne, busasshiyar iska na ɓata masa fata.

Muhimmin abu shi ne ƙofa. A yi ta biyu, kamar zaure: ka shiga ta fari, ka rufe, kana ka buɗe ta biyu. Kuɗin ƙofa guda ne, amma ita ce maganin yaron da ya manta.

Wanda ba shi da fili sai ya keɓe ɗaki guda inda zai riƙa sakin tsuntsun kowace rana, awa biyu ko uku. A kashe fanka, a rufe taga, a saki labule bisa gilashi da madubi, a fitar da garwashi da turaren wuta da maganin sauro, domin hayaƙi na yi wa tsuntsu lahani fiye da mutum. A gaya wa mutanen gida kada kowa ya shigo sai ya yi sallama an amsa.

Sa'an nan a koya masa zuwa in an kira shi. Ba wuya. Mu kan ce wa yaron da ya haddace abu bai san ma'anarsa ba yana karatun aku, amma an ɗan zalunci aku a wannan magana. Wata masaniya a Amurka, Dokta Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana aiki da wani aku mai suna Alex, daga 1977 har ya mutu cikin 2007. Ya san sunayen abubuwa kamar 50, da launi 7, yana kuma ƙidaya har 6, in an nuna masa abu biyu ya kan faɗi inda suka bambanta. Tsuntsun da ya iya wannan ba zai kasa gane kira ba. A cire gyaɗa daga abincinsa na kullum, a mai da ita lada. Ka miƙa hannu kusa da shi, ka kira sunansa da kalma guda wadda ba za ka sake ta ba, in ya tako ka ba shi ɓarin gyaɗa. Gobe ka ja da baya taki ɗaya, jibi biyu, har ya zama sai ya tashi kafin ya iso. Daga nan ka ɗora shi bisa wuri mai tsawo, ka kira shi ya sauko. Wannan na ƙarshe shi ya fi kowanne amfani, za a ga dalili nan gaba. Minti biyar safe, minti biyar yamma, kafin ya ci abinci, sun isa. Kada a buge shi, kada a daka masa tsawa, aku ba ya mantuwa.

In ya zama dole

Akwai lokacin da ragewa ta fi bari, kamar in babu wurin da za a tsare shi kafin a gama ɗakin waya, ko in ya ɗauki halin kai wa wani mutumin gida hari a fuska, ko in likita ya ce a hana shi tashi domin wani rauni. To, a ɗauke shi abu na ɗan lokaci, kuma a kai shi ga likitan dabbobi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai kuma na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ya kamata mai tsuntsu ya san yadda aikin kirki ya ke, domin ya gane in an kauce.

Mutum biyu ke yi, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yanka. A naɗe tsuntsun da tawul, a riƙe bayan kansa, amma kada a matse ƙirji, domin da motsin ƙirji ya ke numfashi, in an danne shi zai shaƙe a hannu. A buɗe fiffike ta wajen riƙe ƙashin, ba bakin gashi ba. A duba kowane gashi a haske, mai jini a bar shi, a bar masa kuma na kusa da shi domin kariya. Daga dogayen nan 10 na waje kaɗai a ke ragewa, huɗu ko biyar daga baki, daidai wa daida a gefe biyu, ɗaya bayan ɗaya, da almakashi mai kaifi, yadda gajerun da ke bisa za su rufe bakin yankan. Na ciki ba a taɓa su, wutsiya ma haka. Gara a fara da kaɗan, in bai isa ba a ƙara, domin wanda aka yanke ba ya komawa. A gwada shi bisa katifa ko tabarma mai kauri. In aikin ya yi kyau zai sauko a hankali, ya yi 'yan taki gaba kafin ya dira da ƙafafunsa. In ya faɗo tim kamar dutse, an yi ɓarna. Ɗan tsakon da bai iya tashi ba, ba a yi masa ko kaɗan.

In jini ya ɓalle, a danna wurin da garin masara mai laushi ko fulawa, a riƙe minti kaɗan. In bai tsaya ba a gaggauta zuwa asibiti, kada a tsaya jiran gobe.

Wanda aka sayo da yankakken fiffike

Da yawa daga tsuntsayen da ke gidajenmu tun a kurmi aka datse su. Masu kamu kan shafa danƙo a sanda, su ɗaure wani aku kusa domin kukansa ya jawo 'yan'uwansa, waɗanda suka manne a fizge su, a sare musu gashi da wuƙa ko adda, a cusa su cikin akwati. A waɗansu wurare fiye da rabinsu ke mutuwa kafin a kai kasuwa. Daga 1975 zuwa 2013 an fitar da fiye da miliyan ɗaya daga Afirka ta hanyar da aka rubuta, ban da na ɓoye. Wani bincike da aka buga cikin 2016 ya nuna a Gana sun ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 tun daga 1992. A cikin shekarar nan ta 2016 ƙasashen duniya suka taru a Johannesburg bisa yarjejeniyar CITES, suka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa, hanin ya fara aiki cikin Janairu 2017. Nijeriya da Chadi na cikin ƙasashen da suka kawo shawarar. A gida kuma an kafa dokar tsare dabbobin da ke neman ƙarewa cikin 1985, aka ƙara mata tsanani cikin 2016. Duk wanda ya sayi akun daji, ko don tausayi ne, ya biya kuɗin a kamo wani. Wanda ba shi da aku kada ya saya.

Wanda ya riga ya mallaka kuwa, kada ya sake shi a daji da sunan 'yantawa, mutuwa zai yi. Ya sauko da sandunan keji ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗa abu mai laushi a ƙarƙashi, ya gyara abinci da dawa da masara ɗanya da gwanda da karas da ganye, da kwakwar manja ɗaya ko biyu in ta samu, ya jira gashi. Fiya guba ce ga aku, kada a ba shi. Kowace rana a ɗora shi a hannu, a sauke hannun a hankali domin ya kaɗa fukafukai, tsoka ta farfaɗo. In gashin ya fara cika, a bar shi ya gwada gajeren tashi zuwa kan gado. Tsohon da ya yi shekaru a zaune zai yi haki da wuri, kada a matsa masa.

In ya tsere

Kada a yi ihu, kada a yi jifa, kada a bar yara su bi shi a guje. Mutum ɗaya ya kafa masa ido ya ga inda ya sauka, domin da wuya ya yi nisa a tashin farko. Yawanci zai sami itace mafi tsawo ya lafe, ya yi tsit. Ba ƙin gida ya ke yi ba, saukowa ce bai iya ba, nan ne koyon nan da aka ambata zai yi rana. A kawo kejinsa da kwanon abincinsa inda zai gan su. Wanda ya fi sabawa da shi ya tsaya nesa kaɗan da gindin itacen, ba ƙarƙashinsa sosai ba, domin tsuntsu ba ya sauka a miƙe, sai a gicciye. Ya riƙa kiransa da kalmar da ya saba ji, yana kaɗa gyaɗa a kwano. In dare ya yi a bar shi, ba ya tashi cikin duhu. A komo tun kafin fitowar rana, domin da asuba ya ke kuka, lokacin kuma yunwa ta kama shi. In ya ɓace wa gani, a sanar da mai unguwa da masu sayar da tsuntsaye a kasuwa, a kuma riƙa zagayawa safe da magariba ana kira ana saurare, ko da za a kwana uku ana yi.